Tambayi Likita: Yadda tsoron asara ke juya shawararmu

Tambaya: Likita, an ce za a yi wa mahaifinmu tiyata. Da ya ji cewa cikin mutum 100 goma ba sa tashi, sai ya ce sam. Mun rasa yadda za mu yi. (Daga Zariya)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku koma wurin likitan tare da shi, a faɗa masa ɗaya gefen: mutum 90 suna tashi. Lissafin ɗaya ne, amma zuciya ba ta jin su daidai. A 1982 an buga wani bincike a Amurka kan maganin kansar huhu. Waɗanda aka faɗa wa adadin masu rayuwa sun fi yarda da tiyata, waɗanda aka faɗa wa adadin masu mutuwa suka ja baya, har da likitocin da aka tambaya. Tun 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa, kuma Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002 kan wannan fanni. Don haka Baba ba taurin kai yake yi ba. Kada ku matsa masa. Amma lallai a tambayi likitan: in ba a yi aikin ba, mutum nawa ke tsira? Wannan tambayar ce aka fi mantawa, kuma tana damuna ƙwarai.

Tambaya: Ina da hawan jini. Da na ji sauƙi sai in ajiye magani. (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ɗawainiyar maganin yau kake gani, shanyewar ɓarin jiki kuwa tana can nesa, shi ya sa zuciya ke raina ta. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama. Ka haɗa shan maganin da sallar asuba, kada kullum ya zama sabuwar shawara.

Tambaya: Wata shida ina kashe kuɗi wurin mai magani kan ƙullutu a nono, ba canji. In na bari, kuɗina sun tafi a banza. (Daga Bauchi)

Amsa: 'Yar'uwa, kuɗin sun riga sun tafi, ko kin ci gaba ko kin bari. Tunaninsu ne ke riƙe ki. Ki tambayi kanki: da yau zan fara, can zan je? Ƙullutun da ya yi wata shida yana buƙatar hoto da gwajin tsoka a asibiti. Don Allah ki je cikin makon nan.