Malamin ɗana ya rubuta masa "restless", ciwo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa bakwai, yana aji biyu na firamare a nan Gwammaja. A takardar sakamakon jarrabawa malaminsu ya rubuta cewa shi "restless" ne a aji. Me kalmar take nufi, kuma ciwo ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kalmar tana nufin wanda ba ya iya zama wuri ɗaya: ya yi ta mutsu-mutsu a kan benci, ya miƙe, ya taɓa wannan ya ja wancan. Halin da ya gani malamin ya rubuta, bai ambaci sunan wata cuta ba. Sau da yawa ƙiriniyar yarinta ce kawai, balle a ajin da aka cunkusa yara cikin zafin Afrilun Kano.

Ki fara duba barcinsa. Yaro mai waɗannan shekaru yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, amma namu sai su raba dare suna kallo a waya, a tashe su da asuba, boko da safe, islamiyya da yamma. Babba in bai samu barci ba gyangyaɗi yake yi, yaro kuwa sau da yawa rawar kai yake ƙarawa. Yunwa ma tana sa haka, da tsutsar ciki mai sa ƙaiƙayi da dare, da rashin ganin allo ko jin malami sosai.

Akwai kuma lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato rashin natsuwa da kasa mai da hankali fiye da kima, wadda ke shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya, an kuma fi gano ta a yara maza. Ba a tabbatar da ita da rubutun malami ɗaya. Sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kuma suna hana shi karatu ko zama lafiya da 'yan'uwansa. Saboda haka ki tambayi malamin islamiyyarsu, ki kuma lura da shi a gida. In can yana zaune lafiya lau, to a ajin ya kamata a nemi matsalar.

Idan ko'ina haka yake, ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba shi. Bulala dai ba ta maganin wannan lalura, ƙin makaranta take jawowa. Akwai magani irin methylphenidate, amma likita ne kaɗai zai rubuta shi bayan bincike. Kafin nan ki roƙi malamin ya dawo da shi layin gaba, ya riƙa sa shi goge allo ko rabon littattafai.