Yadda Ake Tsara Haske Wajen Ɗaukar Hoton Shugabanni da Ma'aikatan Kamfani

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kaduna, kuma yawancin aikina na biki ne da suna. Kwanan nan wani kamfani ya ba ni aikin ɗaukar hoton shugabanninsa da ma'aikatansa, kimanin mutum 40, domin a sa a rahoton shekara da shafinsu na intanet. Kayan da nake da su filasha biyu ne masu batir, da sofbos ɗaya (akwatin yadi da ake sa wa filasha domin tausasa haske), da lemar filasha ɗaya. Matsalata ita ce fuskokin mutane sukan fito da duhu ko kuma da ƙyalli a goshi, musamman idan mutum ya sa farar shadda, sannan ba na son hotunan su zama kamar na fasfo. Yaya zan tsara hasken, kuma ta ina zan shigo da fasaha ba tare da na wuce gona da iri ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Bari in fara da kwantar maka da hankali, domin kayan da ka lissafa sun isa wannan aiki. Abin da za ka sauya shi ne yadda kake kallon aikin. A wurin biki kowane hoto zaman kansa yake yi, idan ɗaya ya fi ɗaya haske babu mai damuwa. A nan kuwa hotuna 40 za a jera a shafi ɗaya, ido zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya bambanta da sauran zai tsone wa mai kallo ido. Bayan haka, kowane hoto a cikinsu yana ɗauke da saƙo guda, wato cewa wannan mutum ana iya damƙa masa amana. Duk shawarar da za ka yanke kan fitila, ka auna ta da waɗannan abubuwa biyu.

Ka fara da fitila ɗaya, ka ajiye ta biyun a gefe har sai ka gamsu da ta farkon. Taushin haske ya danganta da girman abin da ke fitar da shi idan aka kwatanta da fuskar da yake haskawa. Rana ta fi kowace fitila girma, amma saboda nisanta takan zama kamar ɗan ɗigo a sama, shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi. Idan hunturu ya shigo hazo ya lulluɓe ta, sai sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, inuwa ta yi laushi. Aikin sofbos ke nan, kuma yana yin sa ne idan ka matso da shi. Ka ajiye shi kimanin mita 1 zuwa mita 1 da rabi daga fuska, a karkace da kusurwar digiri 45 daga inda kyamara take, ka ɗaga shi sama da ido kaɗan, sannan ka sunkuyar da shi.

Daga nan sai ka zuba wa inuwar hanci ido, domin ita za ta gaya maka inda kake. Idan ta sauko kaɗan gefen hanci ba ta taɓa inuwar kunci ba, to ka sami tsarin da ya dace da mafi yawan fuskoki, kuma shi nake ba ka shawarar ka riƙe wa ma'aikata duka. Idan ka ƙara tura fitilar gefe har inuwar hanci ta haɗu da ta kunci, ya rage ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu, wannan shi ake kira hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669. Yana ba fuska kwarjini da nauyi, amma yana fito da tamoji da ramukan fata, don haka ba kowa yake yi wa kyau ba. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata kana ganin ɗan ƙyallin fitilar a cikin ƙwayar idanu biyu, domin ido marar wannan ƙyalli kamar a mace yake fitowa.

Yanzu ga batun duhun fuska da ƙyallin goshi, wanda asalinsu ɗaya ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga fuska ta yi duhu sai a ƙara wa filasha ƙarfi, sai goshi da kan hanci su ɗauki farin tabo, sauran fuskar kuma tana nan yadda take. Baƙar fata tana bayyana siffarta ne ta hanyar sheƙin da take mayarwa, kusan kamar yadda gogaggen katako yake yi. Ƙaramar fitila tana barin ƙaramin tabo mai zafi, babbar fitila ta kusa kuwa tana shimfiɗa sheƙi mai faɗi da laushi tun daga goshi har kunci, kuma wannan sheƙin ne kyawun hoton. Saboda haka maganin yana wajen faɗaɗa hasken da matso da shi. Ka tanadi tishu domin mutum ya dangwale maiƙo da gumi kafin ya zauna, musamman wanda ya shigo daga rana. Wannan matsala tana da tarihi: tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton mace farar fata, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun wuce wannan, amma ɗabi'ar ɗaukar hasken fata a matsayin ma'auni ba ta gushe ba. Ina roƙonka kada ka ɗashe wa kowa fata a kwamfuta. Mutum ya fito da launin da Allah ya yi shi.

Farar shadda ita ce babbar jarrabawa a wannan aiki. Ma'aunin haske na cikin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka ne, don haka idan babbar riga fara fat ta cika rabin hoton, sai ya rage haske gaba ɗaya, rigar ta dawo ruwan toka, fuska kuma ta nutse. Ka cire kyamara da filasha daga saitin da suke yanke wa kansu hukunci, ka saita komai da hannu, ka auna hasken a kan fuska. Idan ka yi haka rigar za ta nemi ƙonewa, aikin da ke wuyanta ya ɓace, alhali mai rigar ya biya kuɗi masu yawa domin wannan aikin. A nan ne wata ƙa'ida za ta taimake ka: duk lokacin da nisa daga fitila ya ninka sau biyu, haske yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan sofbos yana kusa kuma daga sama, fuska ta fi ƙirji kusa da shi sosai, sai hasken ya yi rauni kafin ya sauka kan riga. Idan ka janye shi mita 3, fuska da riga sun zama kusan nisa ɗaya, ribar ta tafi. In hakan bai isa ba, ka ɗaga bakin sofbos ɗin sama kaɗan yadda gefen haskensa ne kawai zai shafi riga, ko ka sa wani ya riƙe baƙin kwali tsakanin ƙasan sofbos da ƙirjin mutumin. Za ka ga zanen cikin shaddar ya dawo, zaren aikin wuya ya fito ɗaya-ɗaya. Ka riƙa ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin yana barin ka ceto farin da ya kusa ƙonewa.

Wajen rage duhun ɗaya ɓangaren fuska ba ka buƙatar fitila. Farin kwali babba a gefe ya isa, ka matso da shi ko ka janye har ɓangaren inuwa ya zama kimanin rabin hasken ɗaya ɓangaren. Mai farar riga ma rigarsa tana mayar masa da haske ƙarƙashin haɓa. Filasha ta biyu ka kai ta bayan mutum, a sama daga gefe, da ƙarfi kaɗan, domin ta zana siririn haske a kan kafaɗa da gefen kai. Amfaninta yana bayyana ga mai baƙar kwat, ko hula mai duhu, ko mace mai baƙin hijabi, waɗanda in ba haka ba sai su narke cikin bango. Bangon kuma toka-toka marar ado ya fi sauƙin sha'ani da farar riga da baƙa baki ɗaya, kuma ka nisanta mutum da shi kamar mita 1 da rabi don kada inuwarsa ta faɗa a kai.

Saitin kyamara ba shi da wahala. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ka sa shi a 100, ƙofar haske tsakanin f/5.6 da f/8 domin hanci da idanu su fito tar, saurin shata kuma kada ya wuce iyakar da kyamararka take daidaita da filasha, wadda a yawancinsu 1/200 ce ko 1/250 na daƙiƙa. Gilashin kyamara mai tsawon milimita 85 zuwa 135 yana barin ka tsaya nesa, fuska ta fito da siffarta, saɓanin gajere da ke kumbura hanci idan ka matso. Ka kashe fitilun ofis na sama, domin hasken filasha yana wajen 5500 a Kelvin, ma'aunin launin haske, kamar hasken rana, ƙwan lantarki mai ja yana wajen 3200, doguwar fitilar ofis kuma takan zuba kore-kore a fata.

A cikin mutum 40 ba za ka rasa masu tabarau ba. Haske yana tashi daga gilashi da irin kusurwar da ya sauka, don haka idan ka ga farin murabba'in sofbos ya rufe ido, ka ɗaga fitilar sama kaɗan, ko ka ce, “Ranka ya daɗe, a ɗan sauke haɓa.” Idan ya ƙi tafiya, ka roƙe shi ya ɗaga hannuwan tabarau ɗin kaɗan daga saman kunnuwansa, gilashin zai sunkuya, ƙyallin ya faɗi ƙasa, kuma daga gaba babu mai lura.

Da zarar ka sami tsarin da ya yi maka, ka manna tef a ƙasa inda ƙafar kowace fitila take, da inda kujera da kyamara suke, ka rubuta ƙarfin kowace filasha da tsayinta, ka ɗauki hoton wurin da waya. Na taɓa yin irin wannan aiki a wani kamfani, daraktoci biyu suna tafiya, sai bayan mako uku aka kira ni in ɗauke su. Ban rubuta komai ba a karon farko, kuma da aka jera hotunan sai nasu ya fita daban, bango ya fi duhu, inuwa ta koma wani wuri. Kwana biyu na yi ina gyara a kwamfuta, kuma har aka buga rahoton ina ganin bambancin.

Fasaha kuwa, ni a ganina ba ta cikin fitilu masu launin ja da shuɗi, waɗanda kan sa shugaban kamfani ya yi kama da mai tallan wasa. Tana cikin nuna mutum tare da aikinsa. Arnold Newman, Ba'amurken da ya yi fice a wannan salo, ya ɗauki mawallafin kiɗa Igor Stravinsky a 1946, ya ajiye shi can ƙuryar hoton, ya bar murfin fiyano ya cika sauran fili, kuma ko wanda bai san shi ba zai gane sana'arsa. Shi dai Newman ɗin ne a 1963 ya ɗauki Alfried Krupp, attajirin masana'antun ƙarfe na Jamus wanda kotun laifukan yaƙi ta Nuremberg ta samu da laifin sa mutane aikin bauta a 1948. Ya sa fitilu biyu daga gefe da gefe, tsakiyar fuskar ta yi duhu, Krupp ya ɗora haɓa a kan hannayensa, masana'anta na bayansa, sai ya fito da kamar mugunta. Da gangan Newman ya yi haka. Na kawo wannan ne domin ka ga cewa wurin da ka ajiye fitila magana ce kake yi a kan mutum, kuma haske mai kaifi daga gefe biyu ko daga ƙasa yana iya faɗin abin da ba ka yi niyya ba a kan wanda ya amince maka.

Saboda haka ka nemi a ba ka damar yin hotuna iri biyu. Na farko shi ne na bai ɗaya ga kowa, na biyu kuma ga manyan shugabanni biyar ko shida, a wuraren aikinsu: injiniya a gaban injinansa, shugaba kusa da tagar da ke kallon harabar kamfani. Sirrin irin wannan hoto shi ne saurin shata ba ya taɓa hasken filasha, hasken wurin kawai yake ƙarawa ko ragewa. Ka fara saita kyamara har abin da ke bayan mutum ya fito yadda kake so, ɗan ƙasa da hasken fuska, sannan ka kawo sofbos ta ɓangaren da tagar take domin hasken ya zama kamar daga can ya fito. Idan fitilun wurin za su shiga hoton, ka tsayar da saurin shata a 1/50 ko 1/100, saboda wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wani saurin yakan jawo ratsi-ratsi ko sauyin launi tsakanin hoto da hoto.

Manyan mutane ba su da lokaci, wani minti biyar kawai zai ba ka, don haka ka gama duk gwajinka da yaronka kafin su shigo. Ka sa mutum ya karkata jiki kaɗan zuwa ga fitila, ya dawo da fuska ga kyamara, ya ɗan miƙo goshi gaba domin layin muƙamuƙi ya fito. Ka ajiye madubi a bakin ƙofa saboda gyaran hula da ɗaurin ɗankwali, kuma idan mayafin wata Hajiya ya karkace, ka faɗa mata da baki ko ka nemi wata ma'aikaciya ta gyara mata, kada ka kai hannu. Mako guda kafin ranar, ka aika wa kamfanin takarda cewa a guji riguna masu ƙananan ratsi, domin sukan yi rawa a idon kyamara, sannan a ware maka ɗaki mai tsawon aƙalla mita 5 wanda za ka iya kashe fitilunsa ka ja labulensa.