Ɗakin Lacca a Bene, Ɗalibi a Keke

Tambaya: Ƙanena yana amfani da keken guragu. Ɗakin laccarsu na hawa na biyu, babu lifta. Jami'a ta ce ya yi haƙuri.

Amsa: Haƙuri ba doka ba ne. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Sai ƙanen ya rubuta wa shugaban sashensu takarda, ya nemi a mayar da laccar ƙasa, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ƙorafin baki shi ke kashe irin wannan magana. In an yi shiru, sai Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa.