Filin Tambaya da Amsa: Laftof Ɗin Gem Ta Hannu Mai Yawan Ɗaukar Zafi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Ni ɗalibi ne, kuma a damina da ta wuce na sayi laftof ta hannu irin ta buga gem, mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i7-8750H da katin hoto (mai sarrafa hotunan da ake gani a fuska) GTX 1060, domin aikin zanen gine-gine da kuma buga gem idan na sami sarari. Da farko ba ta ba ni matsala ba, amma tun da hunturu ya wuce zafi ya shigo, fankarta ba ta daina ƙara, saman madannanta yana yin zafi har ba ya taɓuwa, gem yana sarƙewa bayan ɗan lokaci kaɗan, wani lokacin kuma ta mutu da kanta. Na sayi faifan sanyaya mai fanka da ake ɗora ta a kai, ban ga wani canji ba. Wani mai gyara ya ce mini firosesar ta kusa ƙonewa, sai dai a canza bod, wato babban faifan cikinta da kayan wuta suke a kai, gaba ɗaya. Shin gaskiya ne, ko akwai abin da zan iya yi kafin a kai ga haka?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da wannan wasiƙa, musamman da ka faɗi sunan firosesar, domin hakan ya sauƙaƙa amsa. Shawarata ta farko ita ce kada ka yarda a canza bod tukuna. Alamomin da ka lissafa ba na firosesar da ta ƙone ba ne, na firosesar da take kare kanta ne. Kamfanin Intel ya fitar da i7-8750H a shekarar 2018, kuma ya ƙayyade mata iyakar zafi ta digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Idan ta kusanci wannan iyaka, da kanta take rage gudu domin zafin ya sauka, wannan ne sarƙewar da kake gani a cikin gem; idan kuma rage gudun bai wadatar ba, sai na'urar ta kashe kanta. Firosesar da ta lalace da gaske yawanci ba ta barin kwamfuta ta tashi ta yi aiki lafiya na tsawon mintuna kafin matsala ta bayyana. Dalilin da ya sa mai gyaran ya ambaci bod shi ne, a irin waɗannan laftof an manne firosesa a jikin bod da dalma, ba a cire ta ita kaɗai, sai dai wannan aiki ne mai tsada ƙwarai, kuma idan aka ɗora tsohon abin sanyaya a kan sabon bod zafin zai dawo kamar yadda yake.

Kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, ka auna zafin, domin hannu ba ma'auni ba ne. Ka sauke manhajar HWiNFO ko HWMonitor daga shafinsu na asali, kyauta suke, ka buɗe ka duba zafin firosesa a lokacin da ba ka aikin komai, sannan ka bar manhajar a buɗe ka buga gem na kimanin minti 20 ka koma ka duba mafi girman adadin da ta kai. Idan babu aiki, digiri 40 zuwa 55 abu ne da aka saba gani, yana iya ɗan haurawa idan ɗakin da zafi. A cikin gem kuwa, digiri 80 zuwa 90 ba abin tsoro ba ne ga wannan rukunin kwamfutoci. Abin damuwa shi ne ta tsaya a 97 zuwa 100 ba ta sauka, gudunta kuma ya faɗo ƙasa da gigahaz 2.2, wanda shi ne gudunta na tushe. Ka kuma lura da wani abu da mutane da yawa ba sa dubawa: wannan firosesa tana da ƙwayoyi 6, wato ƙananan sassan da suke raba aiki a cikinta, kuma manhajar tana nuna zafin kowace ɗaya. Idan ka ga tazarar da ta wuce digiri 10 zuwa 15 tsakanin mafi zafi da mafi sanyi alhali duka suna aiki, to kusan tabbas man isar da zafi da ake shafawa a kan firosesar ya bushe ko ya zame gefe, ko kuma ƙarfen sanyaya bai zauna daidai ba.

Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka ga ko akwai abin da yake cin ƙarfin firosesa a ɓoye. Kwamfutocin da aka saya na hannu sukan zo da Windows ɗin da wani ya sa, haɗe da gem-gem da manhajojin sata, kuma a cikin irin waɗannan ne ake yawan cusa manhajar haƙar kuɗin intanet, wadda take sa firosesa aiki dare da rana domin amfanin wani da ba ka sani ba. Wasu daga cikinsu ma suna lafawa da zarar an buɗe Task Manager. A ganina duk wanda ya sayi kwamfuta ta hannu ya kamata ya kwashe abubuwansa ya sa sabon Windows mai tsabta, ko da zafi ko babu.

Idan manhaja ba ta da laifi, to matsalar tana kan hanyar da zafi yake bi ya fita, kuma nan ne nake so ka fahimta sosai. Zafi yana tashi daga firosesa, ya ratsa wani siririn mai da aka shafa a kanta, ya shiga farantin jan ƙarfe, daga nan ya bi bututun jan ƙarfe zuwa wasu siraran haƙoran ƙarfe da ke bakin tagar iska, inda fanka take hura shi waje. Tsarin ya yi kama da na lagireton mota, wanda idan ya toshe, ƙarfin fanka ba ya hana inji tafasa. Ko'ina wannan hanya ta yanke, zafi zai taru a firosesa, kuma akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka wurin. A lokacin da fanka take ƙara sosai, ka kai bayan hannunka bakin tagar da iska take fita. Idan fanka tana ihu amma iskar da take fitowa kaɗan ce, haƙoran sun toshe da ƙura. Idan iska tana fitowa da ƙarfi amma ba ta da zafi sosai alhali manhaja tana nuna digiri 98, to zafin ba ya isowa haƙoran, laifin na mai ne ko na bututu. Idan kuma ɓangare ɗaya shiru yake ko yana ƙarar gurzawa, fankar wannan gefen ta mutu ko ta kusa, sai a sayi wata.

Bisa ga lokacin da ka ce matsalar ta fara, na fi zargin ƙura da busasshen mai a haɗe. Kwamfutar gem tana zuƙar iska mai yawa, kuma a watannin hunturu iskar tamu cike take da lallausar ƙura, wadda take haɗuwa da zaren tufafi ta dunƙule a tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe, wurin da ido ba ya gani daga waje. Wannan ne ya sa faifan sanyaya da ka saya bai yi amfani ba: yana tura iska zuwa ƙofar da take a toshe daga ciki. Man firosesar kuma, idan ba a taɓa canza shi ba, ya shekara da yawa yana ɗumama yana hucewa, har ya ƙeƙashe.

Idan za a buɗe ta, ko kai ne ko mai gyara a gabanka, ga yadda ya kamata aikin ya kasance. A kashe ta, a cire caja, a buɗe murfin ƙasa, kuma kafin a taɓa komai a zare wayar batir daga jikin bod, domin sukuru ɗaya da ya faɗa kan bod mai wuta yana iya jawo asarar da ake gudu tun farko. A cire fankokin a ɗebe dunƙulen ƙurar da hannu, a share haƙoran da buroshi mai laushi, sannan a hura iska. Duk lokacin da ake hura iska a riƙe fanka da yatsa kada ta juya, saboda juyawa fiye da ƙima yana lalata ta. Ban yarda da kai kwamfuta wurin mai faci a hura ta da injin ba taya iska ba, domin iskarsa ta yi ƙarfi kuma takan fito da danshi da mai. Hurawa daga waje ba tare da an buɗe ba ma ƙara cusa ƙurar ciki take yi.

Bayan haka a kwance sukurorin farantin sanyaya. Za ka ga an rubuta lambobi a gefensu, kuma wannan ba ado ba ne, tsarin da za a bi ne wajen ɗaurewa domin nauyi ya sauka daidai a kan firosesa. A riƙa juya kowanne kaɗan-kaɗan bisa jerin lambobin har su ɗauru tare. A goge tsohon man da sinadarin aisofurofil (wani nau'in sifirit na goge kayan wuta) mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, da ƙyalle marar gashi, ba da fetur ba. A shafa sabon mai na kirki, irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1, siriri amma ya rufe fuskar firosesar duka, a yi wa katin hoto haka nan tunda yawanci bututunsu a haɗe yake. Ka nemi ganin man da za a shafa da idonka, domin akwai farin mai na arha da yake bushewa cikin watanni, akwai kuma masu cewa makilin yana wadatarwa, wanda ba gaskiya ba ne. A kusa da firosesa za ka ga wasu 'yan faifai masu laushi a kan ƙananan kayan wuta. Kada a yar da su, idan kuma sun yage a maye su da masu kauri iri ɗaya, domin wanda ya fi kauri ko da rabin milimita ne yana ɗaga farantin daga kan firosesa, sai zafi ya fi na da. Akwai kuma ruwan ƙarfe da ake shafawa a maimakon mai, wanda wasu ke yabawa a intanet. Yana isar da zafi zuwa farantin sosai, amma yana ɗaukar wutar lantarki kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya kashe kwamfuta, don haka ba na ba ka shawararsa. A lura kada a lanƙwasa bututun, saboda a cikinsa akwai ɗan ruwa da yake tafasa ya kai zafi ɗaya ƙarshen, idan ya huje ko ya lotse aikinsa ya ƙare, sai an canza shi.

Kafin ka sami damar yin wannan aiki, akwai dabarar da za ta ba ka sauƙi yau. Ka shiga Control Panel, ka zaɓi Power Options, ka nemi Change advanced power settings, a ƙarƙashin Processor power management ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. Wannan yakan hana firosesar hawa gudunta na ƙoli, wato gigahaz 4.1, ya tsayar da ita kusa da na tushe, zafi ya ragu sosai, kuma gem da yawa ba sa nuna bambanci mai girma saboda katin hoto ne yake ɗaukar mafi yawan nauyinsu. Ka kuma ƙayyade gem a hoto 60 a daƙiƙa. Wasu suna rage wa firosesa ƙarfin wuta da manhajar ThrottleStop, dabara ce mai amfani ga wanda ya iya, sai dai tun bayan da aka bayyana wata ɓarakar tsaro mai suna Plundervolt a watan Disamba na 2019, kamfanoni da dama sun kulle wannan hanya a sabuntawar BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, don haka kada ka yi mamaki idan ta ƙi aiki a taka.

Ɗakin da kake aiki ma yana da nasa rabo. Yawancin masu ƙera laftof suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi amfani da ita, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Arewa yakan kai 40. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne yake ƙaruwa a firosesa. Saboda haka ka ɗora ta a kan tebur, ba kan katifa ko darduma ko cinya ba, ka ɗaga bayanta da ɗan abu domin iska ta shiga ta ƙasa, aiki mai nauyi kuma ka bar shi zuwa dare ko safiya. Faifan da ka saya zai fara amfani bayan an share cikinta. Ka mai da sharar nan al'ada duk ƙarshen hunturu.

Yaushe ne maganar mai gyaran za ta zama abin dubawa? Idan an share, an canza mai, fankoki suna juyawa, ma'auni yana nuna digiri 70 ko 80 amma har yanzu tana mutuwa, to ba zafin firosesa ba ne. Sai a fara da caja, domin irin wannan laftof yawanci tana bukatar mai wat 180, kuma ba bakon abu ba ne a haɗa kwamfuta ta hannu da cajar da ba tata ba. A duba batir ko ya kumbura, idan ya kumbura a cire shi nan take. Sai bayan waɗannan ne za a kai ga auna bod. Allah ya sa a dace.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina shirin sayen laftof ɗin gem ta hannu. Me zan duba a shago domin kada in kwaso mai matsalar zafi?

Daga wata mai karatu a Maraɗi

AMSA

Barka kadai, 'yar'uwa. Ki tafi da HWiNFO mai auna zafi da Cinebench, manhajar da take ɗora wa firosesa aiki mai nauyi domin gwaji, a filas, ki nemi izinin mai shago ki gwada ta a jone da caja na aƙalla minti 15, domin kunnawa a duba fuska a kashe ba ya nuna komai game da zafi. Ki lura ko zafin yana tsayawa ƙasa da digiri 95, ko gudun firosesa yana faɗuwa, ki kuma saurari fankoki biyun ki ji iska a kowace taga. Ki juya ta ki duba kawunan sukurori: idan sun cinye ko wasu babu, an sha buɗe ta, sai ki tambayi dalili. Ki duba ko wurin linzamin yatsa ya taso sama, alamar kumburin batir ke nan, ki kuma karanta wat ɗin da aka rubuta a jikin caja ki gwada da wanda kamfanin ya ƙayyade wa wannan samfuri. Idan komai lafiya sai zafi kaɗai ya ɗan yi yawa, kina iya saye, amma ki nemi ragin da zai biya kuɗin shara da sabon mai, ki kuma sa a rubuta miki kwanakin garanti a jikin rasit.