Amsar tambayar Kawu kan bidiyon kunkurun teku

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, Allah ya ƙara girma, na ji tambayarka kan bidiyon nan da aka turo, wai me zai sa mai hankali ya biya kuɗin jirgi don ya je kallon kunkuru yana ƙwai. Wallahi sai da na yi dariya.

To Kawu, wannan ba kififiyar kududdufi ba ce. Na teku ne, iri 7 ne a duniya, babbansu yana haura kilo 500. Wurin da ke bidiyon Ras al Jinz ne, gabashin Oman, kusa da garin Sur. Macen a ruwa take rayuwarta, sai ta shekara 20 ko fiye kafin ta fara ƙwai, kuma in lokacin ya yi, yankin gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Ikon Allah! Ta fito cikin dare, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne, ta yi tafiyarta. Ba ta kwanci kamar kaza. Yashi ne ke yin aikin, kusan wata 2, kuma zafinsa ke raba jinsi, in ya yi yawa mata za su fi yawa.

Yauwa, maganar kuɗi. Kawu, ka tuna Turawan da ke zuwa Ƙofar Mata su tsaya kan marina suna ɗaukar hoto? Mu mun saba, wucewa muke yi. Haka abin yake. Baƙon nan zai kama masauki, ya ci abinci, ya yi hayar mota, ya biya ɗan jagora. Masuncin da a da yake kwashe ƙwan ya kai kasuwa, yanzu shi ake biya ya yi gadin ramin, kuma bayan shekara 2 ko fiye uwar za ta iya dawowa.

Sai dai fa akwai ƙa'ida. Ba a haska tocila, ba hasken kyamara. 'Ya'yan in sun fito hasken saman teku suke bi, fitilun otal kuwa ruɗa su suke, su nufi titi su mutu. Ka ga otal ɗin da aka gina don baƙi shi ne zai kashe abin da baƙin suka zo gani. Ga leda kuma, suna haɗiye ta a zaton abinci ce.

Abin da ke ba ni haushi, mu ma suna fitowa a gaɓarmu, Legas da Akassa a Bayelsa, amma yawancinmu ba mu ma sani ba. Ƙasashen Gabon da Kef Bade (Cape Verde) kuwa an san su da kunkurun teku.

Hajiya Babba, tambayarki ta ko naman ya halatta, wannan sai malaman gidan nan. Bari in tsaya, an kira la'asar.