Wa ya ƙirƙiro ai-si, Kilby ko Noyce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai koyon gyaran waya ne a Kano. Kullum muna cire ai-si (IC), wato ɗan ɓallin nan da ke ɗauke da sassan lantarki da yawa a haɗe, muna mayarwa, sai na so in san wanda ya fara yin sa. A wani wuri na karanta Jack Kilby ne, a wani wurin kuma aka ce Robert Noyce. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki duka biyun, amma ba abu ɗaya suka yi ba. Kilby ne ya fara nuna wa duniya cewa abin zai yiwu, Noyce kuma shi ya gano yadda za a riƙa ƙera shi da yawa a masana'anta.

Kai da kake aiki da dalma za ka fi kowa gane matsalar da ta dame su. A shekarun 1950 an riga an samu taransista, to amma kowane taransista da rizista da kafasita, wato ƙananan sassan da ke sarrafa wuta a cikin na'ura, daban ake yin sa, sannan a zauna a haɗa su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na'ura mai sassa dubu goma tana da mahaɗa dubbai, kuma ka san idan dalma ɗaya ta saki, aikin gaba ɗaya ya tsaya. Injiniyoyi suna iya zana na'urar a takarda, ƙera ta ne ya gagara.

An haifi Jack Kilby a 1923 a jihar Missouri ta Amurka, ya tashi a garin Great Bend na jihar Kansas, inda mahaifinsa ke shugabantar wani ƙaramin kamfanin wutar lantarki. Yana sakandare ƙanƙara ta karya turakun wuta da na tarho, ya ga mahaifin nasa ya koma ga masu aika saƙo ta rediyo don sha'awa don ya ji halin da yankunan ke ciki. Daga nan rediyo ya shiga ransa. Ya nemi shiga jami'ar fasaha ta MIT bai ci jarrabawar ba, sai ya tafi Jami'ar Illinois, yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu, ya gama a 1947. Ya yi shekara 11 a kamfanin Centralab a Milwaukee kafin ya koma Texas Instruments a Dallas a watan Mayun 1958.

Baƙuntarsa ce ta yi masa rana. A watan Yuli ma'aikata suka tafi hutun shekara, shi kuwa sabon zuwa bai cancanci hutu ba, aka bar shi kusan shi kaɗai a ɗakin gwaji. Ranar 24 ga Yuli ya rubuta tunaninsa a littafin aiki: tun da da ma'adini ɗaya ake yin taransista, me zai hana a yi rizista da kafasita da shi, duk a kan ɓalli guda? Ba za su kai na asali kyau ba, amma za a huta da haɗa su. Ranar 12 ga Satumba ya tara manyansa ya ɗora musu abin a tebur. Da ka gan shi da ka raina shi: ɗan siririn ɓallin ma'adinin jamaniyom ne da tsawonsa bai fi milimita 11 ba, an manna shi a kan gilashi, 'yan wayoyin zinariya sun yi cirko-cirko a kansa kamar gashin da ba a taje ba. Ya ba shi wuta, sai layi mai lanƙwasa ya fara gudana a allon gwaji. Kamfanin ya nemi takardar mallakar ƙirƙirar a watan Fabrairun 1959.

Waɗannan 'yan wayoyin su ne rauninsa, domin har yanzu da hannu ake ɗaura su. Noyce yana kamfanin Fairchild a Kalifoniya, inda abokin aikinsa Jean Hoerni ya samo dabarar rufe silikon, wani ma'adinin da shi ma ake yin taransista da shi, da wata siririyar fata da ke hana wuta wucewa. Sai Noyce ya ga ai a kan wannan fatar za a iya shimfiɗa hanyoyin ƙarfe, su haɗa sassan ba tare da waya ba. Ya shigar da tasa takardar a watan Yulin 1959. In ka tambaye ni, ai-sin da ke ƙarƙashin hannunka a yau jikan na Noyce ne, don silikon ne kuma shimfiɗaɗɗe ne. Sai dai wannan bai ƙwace wa Kilby matsayinsa na wanda ya fara ba.

Kamfanonin biyu sun daɗe suna shari'a, amma a 1966 suka sasanta kowa ya yi amfani da fasahar ɗan'uwansa. Noyce ya kafa kamfanin Intel tare da Gordon Moore a 1968. Shi kuwa Kilby, dogon mutum mai kusan mita biyu wanda ba ya son yawan magana, ya jagoranci ƙera kalkuletar hannu ta farko a 1967 tare da Jerry Merryman da James Van Tassel, daga baya ya koyar a Jami'ar Texas A&M.

Abin da ya sa sunan Kilby ya fi fitowa shi ne kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks da aka ba shi a 2000, shekara 42 bayan wancan gwajin. Noyce ya rasu tun 1990, kuma ba a ba mamaci wannan kyauta. Kilby da kansa bai ɓoye ba cewa da Noyce yana raye da tare za su karɓa. Shi ma ya rasu a Dallas a watan Yunin 2005.