Janaretan mota mai ɗaki da ke ƙin tashi a sanyin hunturu

Assalamu alaikum, Alhaji. Da na karanta tambayarka cewa janaretan dizal na motarka mai ɗaki yana ƙin tashi da asuba tun shigowar hunturu, har ana ba ka shawarar sa masa garwashi a ƙasa, sai gabana ya faɗi, domin abin da ya same ni ke nan a watan Janairun bara. Don Allah kada ka yarda a kai wuta kusa da injin nan.

Mun tashi daga Kaduna muka kwana a Jos, ni da iyali da mahaifiyata, kuma sanyin can ya fi namu nesa ba kusa ba. Da asuba na danna makunni, injin ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Bakaniken da aka kira mini ko murfin akwatin bai buɗe ba, sai ya sa aka kawo kasko cike da garwashi ya tura a ƙarƙashi, wai haka direbobin tirela suke yi. Kafin minti goma robar wayoyi ta fara narkewa, wari ya cika ɗakin, Hajiya tana ta tari, ni kuwa na ja kaskon da hannu tsirara, ga tiyon mai bai fi taƙi ɗaya da wutar ba. Mutumin nan ko sannu bai ce mini ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma har yau raina yakan ɓaci idan na tuna yadda ya tsaya yana kallona.

Da muka dawo aka duba, ashe hita biyu cikin uku ne suka mutu, wato 'yan ƙarafan nan masu ɗumama cikin injin da ake kira glow plug. Injin dizal da zafin matsin iska yake kama wuta, shi ya sa hitar nan take ɗumama shi kafin ya tashi, sai ka fara da gwada su. Baƙin mai ma yana yin kauri da sanyi; mai lamba SAE 40 nake zubawa a da, amma tun da na koma mai lamba 15W-40, wanda bai kai shi kauri a sanyi ba, injin yake juyawa da sauƙi. Batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6, idan naka ya sauka zuwa 12.2 to rabi ne ya rage.

Akwai hitar lantarki da ake maƙala wa jikin inji, a jona ta awa biyu ko uku kafin a tayar, sai dai ka lura cewa ta Amurka bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, don haka ba ta jonuwa sai da taransifoma. Daskarewar dizal da ake magana a kai matsalar ƙasashen ƙanƙara ce. Abin da ya fi damunmu a nan shi ne ƙurar hazo da ke toshe filtar iska.

Idan za ka rufa masa bargo don ya riƙe ɗumi, sai bayan ka kashe shi salansa ta huce, kuma ka cire kafin ka kunna. Kada iyali su kwana yana aiki alhali hayaƙi na iya komawa ɗaki, domin gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ni yanzu duk wata ina kunna nawa na awa biyu, in ɗora masa rabin lodin da yake iya ɗauka.

Ka gwada batir da hitocin gobe da asuba kafin rana ta fito, ka faɗa mana abin da mita ta nuna.